Maƙogwaro Biyun da Na Toshe

Ranar da kafil ɗina, wato maigidan da nake aiki a ƙarƙashinsa a Qatar, ya yaye tamfol daga kan motar, kyanwa ce ta fara fitowa da gudu ta tsakanin ƙafafuna. Bayan ta sai wari, warin tsohon mai da ruɓaɓɓiyar fata. Na tsaya ina kallo da takunkumi a hancina, na ce a raina yau ga aikin banza. Motar Amurka ce ta shekarun saba'in, ƙofa biyu, dogon hanci, tayoyi huɗu duk sun zauna a ƙasa. Fentin da a da ja ne ya koma kalar busasshen tattasai. Tsatsa ta cinye ƙasan ƙofofin har ina iya zura yatsa.

"Ta fi shekara ashirin ba ta motsa ba," in ji shi, da Turancinsa mai haɗe da Larabci. "Ina so ta koma yadda ta fito daga kamfani. Asli. Ka gane? Asli."

Na ce na gane. Wallahi ban gane ba.

Ni bakanike ne ɗan bakanike, a Panteka ta Kaduna na buɗe ido. A wurinmu in mota ta tashi ta yi tafiya, aiki ya yi kyau. Abin da babu a kasuwa mu ƙera shi, abin da ya ƙi shiga mu ci shi da magagari har ya shiga. Na zo Doha 'yan watanni kafin korona, ina aiki a garejin wannan bawan Allah, ina kwana a unguwar Najma, mu shida a ɗaki ɗaya. Da cuta ta shigo aka rufe gareji, sai ya aiko direba ya kwaso ni da akwatin kayan aikina zuwa gidansa na Al Rayyan. Ya ba ni wani ɗaki a baya, jikin rumfar motoci, ya ce maimakon zaman banza ga aiki. Aka ja ƙofar gida aka rufe. Abinci a bakin ƙofa ake ajiye min, a ƙwanƙwasa, kafin in buɗe mai kawowar ya ɓace.

Motar ta yayansa ce da ya rasu. Shi ya zo da ita daga karatu a Amurka, kuma maigidan nawa, wanda yanzu gemunsa ya yi fari fat, yana yaro ake ɗora shi a kujerar gefe a zaga gari da shi. Ya ce ba gudunta yake nema ba, muryarta yake so ya sake ji. Na gyaɗa kai kawai. Ina ruwana da muryar mota?

A cikin watan ne ƙanwata ta kira ni daga Kaduna. Ita ke kula da Baba tun rasuwar mahaifiyarmu. Ta ce sun je asibitin ido, likita ya ce hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma yana tsukewa a hankali, kamar mutum yana leƙe ta cikin bututu. Maganin ɗigawa zai rage masa sauri, amma ba zai tsayar da shi ba.

"Yaya, in kana so ya gan ka da idonsa, to ka zo da wuri," in ji ta.

In zo ta ina? Filin jirgin can a rufe yake, ni nan ko ƙofar gida ban isa in wuce ba. Na zauna a kan wata tsohuwar taya har aka kira magariba ban tashi ba.

Dole in faɗi yadda muke da Baba, in ba haka ba sauran ba zai fahimtu ba. Ni ne ɗansa na fari, shi kuma mutumin da ne, mai kunyar ɗan fari irin ta gaske. Bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" ne sunana, in kuwa zai yi maganata da wani sai ya ce "wancan". Shekara goma sha biyar na yi ina miƙa masa sifana, ban tuna rana ɗaya da ya dube ni ido cikin ido ba. In zai yi min faɗa, inji yake kallo. In zai yaba min, injin dai yake kallo, ya ce, "Ba laifi." Ranar da zan taho ya raka ni tasha, ya tsaya yana duba tayar motar da zan shiga, ya ce wa direba iskar ta baya ta yi ƙasa. Sallamarmu ke nan.

Don haka in na kira shi, gaisuwar minti ɗaya ce, an wuni lafiya, lafiya lau, ya jiki, da sauƙi, sai shiru. Ranar da na rasa abin faɗa na ambaci motar, sai na ji murya ta canza.

"Silinda nawa?"

"Takwas, Baba."

"Kafireto mai maƙogwaro huɗu?"

"Shi ne."

Ya yi wata dariya da na daɗe ban ji ba. Ashe ya yi aikin irinsu yana saurayi, zamanin da 'yan kwangila ke yayin manyan motoci. Daga ranar kullum bayan la'asar sai na kira, lokacin can rana na tsaka, haske ya fi masa. Ƙanwata ta kunna bidiyo ta kara masa wayar dab da idon dama. Ta ce a waya ba ya ganin komai tar, sai dai babban abu mai kala. Duk da haka, da fuskata ta bayyana sai ya kawar da kai.

"Kai, juya min wayar nan. Ba fuskarka na ce zan gani ba, injin za ka nuna min."

Aikin ya ci ni. Zafi ya shigo, irin wanda in ka manta sifana a rana minti biyar sai ta ƙona maka hannu. Ina farawa bayan asuba, kafin hantsi rigata ta jiƙe sharkaf. Na sauke kujeru, na ɗaga shimfiɗar ƙasa, na tarar ƙarfen ya zama rariya. Na kankare tsatsa da burushin waya da samfefa har zanen yatsuna ya goge, wayata ta daina gane ni. Injin ya liƙe ƙam. Baba ya ce in cire fulogogi, in zuba kananzir da baƙin mai a kowane rami, in bar shi ya sha, kada in kuskura in yi masa dole. A rana ta goma sha shida ya juya a hannuna. Baba ya ce, "Ba laifi."

Rikicinmu da maigida kuwa kullum ne. Na ƙera wani ɗan ƙarfe mai riƙe batir, ya fi na kamfani ƙwari, na rantse ya fi shi. Ya zo ya tsaya daga nesa, ya girgiza kai. "La, la. Asli." Wato a'a, sai na asali. Notuna masu tsatsa da zan watsar, ya sa na wanke su ɗaya bayan ɗaya, kowane a ledarsa da rubutu. Noti fa! Abin da a Panteka za ka taka shi a ƙasa ka wuce. In ya juya baya sai in auna masa magana da Hausa in ji sanyi a raina. Kyanwar nan ce kawai ke ji, ita kuma ba ta kai ƙara.

Da aka buɗe filayen jirgi na same shi na ce ina son hutu, mahaifina ba lafiya. Bai hana ni ba, gaskiya ɗaya ce. Ya ce, "Inshallah. Mu ji muryarta tukuna, sai ka tafi." Ya kuma tuna min cewa wanda ya fita a lokacin sai da takardar izini ta musamman yake dawowa. Na duba abin da ya rage kafin ta tashi: wayoyin wuta da kafireto. Na ce mako uku, in na matsa.

Kafireto shi ke haɗa mai da iska ya ba inji. Na ƙananan motoci maƙogwaro ɗaya ne ko biyu. Wannan huɗu gare shi. Biyun gaba na tafiyar yau da kullum ne, biyun baya ba sa buɗewa sai an taka totur da ƙarfi, in kuwa suka buɗe, mai suke kwankwaɗa kamar raƙumi. To na bayan nan sun ƙage sun ƙi motsi, kuma kayan gyaransu sai an yi oda daga Amurka, wata biyu ko uku. Ni kuwa na san wata hanya, duk wanda ya tashi a Panteka ya san ta. Mu da muka girma a layin gidan mai da jarka a hannu, babban abin da mai mota zai yaba maka da shi shi ne ka rage mata sha. Na sha ganin Baba yana toshe maƙogwaro na biyu, mai mota yana sa masa albarka. Sai na narka dalma na ɗura a biyun bayan, na goge saman ya yi sumul. Har da jin daɗi nake yi. Na ce tsohon nan zai gode min, na tayar masa da mota na kuma rage masa ɓarnar mai. A Qatar fa! Ƙasar da ba wanda ya taɓa kwana a layin mai. Tir da wautata. Ban gaya wa Baba ba, don ina so in ba shi mamaki.

Ranar da za a tayar, maigida ya fito da farar rigarsa ya zauna a kujerar roba. Na murɗa makulli, ta yi tari, ta sake tari, ta kama. Hayaƙi ya cika rumfar, kyanwa ta haye katanga. Na dube shi ina washe baki a bayan takunkumi. Ya ce in taka, na taka. Ya ce in ƙara, na taka har ƙasa. Ya rufe ido yana saurare, can ya ɗaga hannu.

"Khalas. Kashe. Wannan ba ita ba ce."

Ya sa na cire murfin da ke saman kafireton, ya leƙa. Ya daɗe yana kallon dalmar nan tana sheƙi. Da ya yi min ihu da ya fi min sauƙi. Sai kawai ya sa babban yatsa ya goge wani ɗan wuri a gefe inda aka buga lamba. Ya ce da wannan kafireton ta fito daga kamfani, kuma yayansa da hannunsa yake wanke shi. Ya juya ya shige gida. Washegari na yi ƙoƙarin narkar da dalmar in fitar, zafi ya yi yawa, jikin kafireton ya tsage daga sama har ƙasa.

Na ɗauke shi a hannu na je ƙofar majalisarsa, ɗakin da yake karɓar baƙi. Kunya ta hana ni ɗaga kai, zuciya kuma tana cin raina, ban ma san da wa nake fushi ba. Na ji bakina yana cewa, "Wallahi tallahi ba zan taka ƙasarmu ba sai na mayar da motar nan yadda ta fito." Ya ɗaga hannu yana cewa la, la, amma magana ta riga ta fita. Bai nemi in rantse ba. Ni na rantse.

Da la'asar na gaya wa Baba.

"Dalma ka ɗura?"

"E, Baba."

"Wa ya koya maka?"

"A wurinku na gani."

"Mu don talauci muka yi, ba don gwaninta ba. Ka taɓa ganin na yi wa motar da mai ita bai roƙe ni ba?" Ya numfasa. "To ka tsaya ka gyara wa mutum kayansa. Kada ka kuskura ka zo min nan ka bar ɓarna a bayanka."

"Idon fa, Baba?"

"Ido da sauƙi."

Daga nan jira ya fara. Maigida ya shiga neman irinsa a wurin masu tsofaffin kayan mota a Amurka, iri ɗaya, shekara ɗaya. Sai da aka yi watanni kafin a samu, aka kuma yi wasu watannin yana hanya, don jiragen ruwa ma a lokacin a tsaye suke. Ranar da akwatin ya iso na buɗe shi nan take. Kafireton na shekarar da ta biyo bayan ta motar ne, bakinsa bai zauna ba. A Panteka minti talatin ya ishe ni in sa shi ya zauna. Na dubi magagari, na dubi maigida, na mayar da shi cikin akwati. Na biyu ya zo bayan wata takwas, da fashewa a gindi, an liƙe da gam an shafa fenti a kai. Ashe ba mu kaɗai muka iya ba.

A tsakanin nan na gama duk abin da za a iya gamawa. Na yi waldar ƙasa da ƙarfen da aka yi oda. Aka ɗinka kujeru da baƙar fata irin ta da. Kalar fenti a ƙarƙashin murfin but na samo ta, inda rana ba ta taɓa gani ba, aka haɗa ja daidai da shi. Birki, lagireto, salansa, fitilu, komai ya hau. Sai aikin ya ƙare, ni kuma ban ƙare ba. An buɗe gareji, ina zuwa da safe in dawo da yamma ɗakin nan na baya, in tarar da ita tana ƙyalli ba rai. Duk Juma'a in tura ta da kafaɗa taku biyu gaba don kada tayoyi su kwanta, Juma'a mai zuwa in dawo da ita baya. Na tsani motar nan. Akwai ranar da na shure ta a taya har na ji ciwo a yatsa, na zauna ina zaginta kamar tana ji. Gemun da na bari tun lokacin da aka rufe shagunan aski ban ƙara taɓa shi ba, furfura ta fara tsirowa a gefen hagu.

Ƙofa fa a lokacin a buɗe take. An yi mana allura, mutane suna tafiya gida suna dawowa da kilishi. Ina da wani aboki ɗan Jos, Kirista, ma'aikacin ɗakin gwajin jini a asibiti, tare muka zauna a Najma kafin ya koma Muntazah. Wata Juma'a ya zo min da shinkafa da miya a kula, ya zaga motar sau ɗaya, ya zauna a kan akwatin kayan aikina.

"Malam, ko ni da nake zuwa coci na san akwai kaffara. Ka ciyar da mutum goma ka tafi ka ga tsohonka. Mota ce fa, ƙarfe ce!"

Na ce masa ba zai gane ba. Na kawo maganar takardu, na kawo maganar aiki, na ce Baba da kansa ya hana ni zuwa.

"Haba! Tsoho ya faɗi magana cikin fushi, shi ke nan ta zama doka? Ni aikin asibiti nake, na san cutar nan, ba ta jiran kowa. Girman kai ne ke damunka, ba tsoron Allah ba."

Raina ya ɓaci, na ce ya ɗauki kularsa ya ba ni wuri. Ya tafi ya bar kular. Na cinye shinkafar tas, ina ci ina jin haushinsa, don gaskiya ya faɗa. Abin da ban iya ba shi ne in tsaya gaban Baba a matsayin wanda ya ɓata ya gudu. Shekara goma sha biyar ina jiran abin da ya wuce "ba laifi", sai in koma masa da tsagaggen kafireto?

Ƙanwata tana ba ni labari a gefe. Baba ya daina hawa keke. Baba ya zuba shayi a gefen kofi. Baba ya fara bin bango in zai je masallaci. Kowane labari ya zo sai in kasa cin abinci, in kuma je in tambayi maigida ko an ji wani abu daga Amurka, ya ce inshallah. Bayan azumin shekarar da Qatar za ta karɓi gasar ƙwallo ta cin kofin duniya sai ta daina. In na tambaya ta ce yana nan lafiya. Na ɗauki shirun a matsayin sauƙi, ban matsa ba, don ina tsoron abin da zan ji. Shi kuwa Baba bai fasa ba, kullum sai ya tambayi mota, kullum ido da sauƙi.

Na uku ya iso a makon da aka cika gari da tutoci. Wani tsohon manomi ne ya ciro shi daga motar da ta mutu a bayan gonarsa. Baƙi ƙirin da datti, amma lafiyayye, kuma shekararsa ce. Na warware shi ƙwaya ƙwaya a kan farin ƙyalle, na wanke, na sa sababbin kayan ciki da suka fi shekara suna jira a leda. Kwana tara na yi a kansa. Maƙogwaron baya na buɗe su da yatsa sau ɗari, ina jin yadda suke komawa da kansu.

Ranar da na ɗora shi ana wasa a filin da ke kusa da mu. Tun azahar mutane ke wucewa ta bakin titi da ganguna da fenti a fuska, wasu ma na ji suna waƙa da harshen da ban taɓa ji ba. Iska ta yi sanyi. Bayan la'asar maigida ya fito ya zauna a kujerar robar nan. Na kira ƙanwata na ce ta ba Baba, na buɗe murya na ajiye wayar a kan benci.

"Yalla," in ji maigida.

Murɗa ɗaya ta kama. Na bar ta ta ɗumama, sannan na taka a hankali, na ƙara, na kai har ƙasa. Biyun bayan suka buɗe. Kai! Ban taɓa jin abu irin wannan ba. Ba a kunne na ji shi ba, a ƙirji na ji shi. Sifanu suka riƙa rawa a kan benci, ƙarar gangunan titi ta ɓace. Na waiwaya na ga maigida ya ja gefen mayafin kansa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna girgiza.

"Ita ce," in ji shi. "Ita ce."

Daga cikin waya na ji muryar Baba. "Kai. Sassauta, bar ta ta yi silo." Na ɗaga ƙafa. Ya saurara. "Fulogi ɗaya ba ya ci sosai. Ɓangaren direba, na can baya."

Na zagaya na taɓa. Wayar fulogin ba ta shiga har ƙarshe ba. Na danna ta, injin ya daidaita sumul. Daga Kaduna fa, ta cikin waya! Na yi dariya har hawaye, na ɗauki wayar na kunna bidiyo.

"Baba, bari in nuna muku ita. Ku ga yadda ta fito."

Na ga ƙanwata ta kara masa wayar a fuska. Ya rame. Ya tsura wa wayar ido, bai kawar da kai ba. Na fara zaga motar ina bayani, ga hanci, ga ƙofa, ga fitilun baya. Yana gyaɗa kai.

"Ta yi kyau," in ji shi. "Fentin ya kwanta. Jan nan shi ne nata na asali. Ka yi aiki."

Ka yi aiki. Ban taɓa jin wannan daga bakinsa ba. Na dubi wayar in ga fuskarsa da kyau, sai idona ya faɗa kan ɗan ƙaramin hoton da ke gefe, wanda ke nuna abin da nake aika musu. Ba mota a ciki. Don ɗoki na manta ban juya kyamarar ba. Fuskata ce tun farko, da gemu da gumi da baƙin mai a goshi. Ita Baba ke kallo yana yabon fenti.

Na zauna a ƙasa jikin taya. Ƙanwata ta janye wayar ta fita tsakar gida. Tana kuka.

"Tun cikin azumi, Yaya. Rana ɗaya ya tashi ya ce in kunna fitila, alhali hantsi ya yi. Shi ya hana in gaya maka. Ya ce in ka ji za ka baro aikin mutane, kuma ko ka zo ba abin da za ka tarar."

Motar tana ta silo a bayana. Maigida ya zo ya dafa ni yana tambayar me ya faru, na kasa haɗa Turancin da zan gaya masa. Da ya gane, ya miƙa hannu da kansa ya kashe ta. A makon ya nemo min kujera a jirgi, duk da cunkoson baƙi. Na ji daga baya ya zaga gari da jikokinsa a cikinta da tuta a taga. Allah ya sa ya more, ba ni da haushinsa ko kaɗan. Haushin kaina nake ji, har yau.

Na isa Kaduna da hantsi. Baba yana zaune a tabarma a zaure, da carbi, fuskarsa tana kallon ƙofa. Na yi sallama na durƙusa nesa kaɗan, yadda na saba.

"Kai ne?"

"Ni ne, Baba."

"Matso."

Na matsa. Ya lalubo hannuwana, ya juya su, ya bi tafin da yatsa yana jin kanta. Sannan hannunsa ya hau kafaɗata, ya hau wuya, ya tsaya a fuskata. Tun ina yaro bai taɓa ni ba. Ya shafa goshi, ya shafa kumatu, ya kama gemun.

"Ashe ka ajiye gemu."

"E, Baba."

"Akwai furfura?"

"Akwai."

"Ta ina?"

Na kama yatsansa na ɗora a gefen hagu. Ya daɗe a wurin, idanunsa a buɗe suna kallona kai tsaye. Ƙanwata ta shigo da ruwa, ta ajiye ta koma. Can ya gyara murya.

"Fulogin nan na baya, ka canza shi ko danna wayar kawai ka yi?"

"Na canza shi, Baba."

"To," in ji shi. Bai ɗauke hannunsa ba.